Koci da Madda Ɗaya

Duk Bahaushen da ya yi karatu a Alkahira a zamaninmu ya san Koci. In bai san fuskarsa ba ya san muryarsa, don mutum ne da in ya yi maka tsawa a filin ƙwallo, mai sayar da ful, dafaffen waken Masarawa, a bakin titi sai ya waiwayo. Ni na yi yawo daidai gwargwado. Na zauna Jidda, na sha zafin Khartum, na je China sarin kaya har na iya cin shinkafa da tsinke, amma ban taɓa ganin wanda ƙwallo ta cinye kamarsa ba.

Ya riga ni zuwa da shekaru. Mahaifinsa limamin wani gari ne a ƙasar Katsina, ya turo shi ya karanta shari'a ya koma ya gaje shi. Lokacin da ya sauka ana yin gasar ƙwallo ta ɗaliban ƙasashen waje duk shekara. 'Yan Senegal su fito, 'yan Somaliya su fito, har 'yan Indonesiya da ba su kai mana kafaɗa ba su fito da rigunansu iri ɗaya, amma mu babu mu. Namu sai dai su tsaya daga nesa da littafi a hammata, suna kallo ta wutsiyar ido suna cewa Allah ya shirya. Kowa yana so fa, amma kowa yana tsoron a kai labari gida a ce an gan shi yana bin ƙwallo da gajeren wando.

Shi ya bi ɗaki ɗaki a masaukin ɗalibai ya tara mutane. Sai aka cije a kan maganar wandon. Aka yi zama guda a kanta bayan Juma'a, aka buɗe littattafai, aka tsaya a kan cewa cinya al'aura ce, ba wanda zai shiga fili gwiwa a waje. Wasansu na farko da wandunan shadda suka buga shi, masu zariya. Ya sha ba mu labarin yadda ɗan bayansu ya yi tsalle zai sa kai, zariya ta tsinke, ya sauko hannu biyu riƙe da wando yana kallo ƙwallo ta wuce shi ta faɗa raga. Aka yi ta zura musu har suka daina ƙirge. Masarawan da suka zo kallo suna ta tambaya wai ko daga ɗaurin aure suke. Koci ya ce ranar ko ruwa bai iya sha ba, amma da gari ya waye ya sake bin ɗakunan nan.

Kafin in zo abin ya kankama. An samo dogayen wandunan wasanni, an samo riguna, kuma an fara jin tsoronmu. Shi ne ɗan gaba, shi ne kyaftin, shi ke wanke rigunan, shi ke rigima da alƙalin wasa da Larabcin titi wanda malamanmu na nahawu da sun ji sai sun yi kuka. Gajere ne mai gwame, in ya ja ƙwallo kamar an ɗaura masa ita a ƙafa. Ni kuma ɗan benci ne, kuma ban taɓa jin haushin hakan ba. Yakan ce in ka ga ni da ƙwallo mun haɗu a wuri ɗaya, to hatsari ne aka yi. Amma bai taɓa korata ba, wai surutuna yana rikita 'yan ɗaya ɓangaren.

To dokar gasar ita ce, sai wanda yake da katin ɗalibi na wannan shekarar ne zai buga. Koci kuma ya kai shekarar ƙarshe, kofi bai taɓa zuwa hannunmu ba. In ya ci jarrabawa, an ba shi shahada, sai tikiti, sai gida, sai limanci. Sai ya yi wata dabara wadda ba mai yin ta sai irinmu. Ya ci duk darussan ya bar madda ɗaya, wato fanni guda cikin waɗanda ake jarrabawa a kansu. Ilmin gado ya zaɓa. Ya shiga ɗakin jarrabawa ya rubuta bisimilla da lambarsa, ya zauna yana kallon fanka har aka karɓi takardu. Wanda ya faɗi madda ɗaya ba a ba shi shahada, sai ya sake zama ɗalibi, ga kati, ga izinin zama, ga fili. Ya gaya mana bana ce kawai, mu ɗauki kofin nan ya tafi. Muka yi masa tafi. Wallahi tafi muka yi masa, muna ganin jarumta ce.

Shekarar 'yan Senegal suka fitar da mu a wasan kusa da na ƙarshe. Ya sake barin ilmin gado. Wadda ta biyo ma haka. Har ya zama in ɗalibi ya faɗi wani fanni sai a ce ya yi irin ta Koci. Wasu dattawan ɗalibai sun ja shi gefe sun ce masa damar sake jarrabawa tana da iyaka, ya yi hattara. Ya ce ya ƙirga, saura masa ɗaya. Ashe ba saura. Ranar da ya je karɓar sabon kati aka duba aka ce ma'alish, wato ya yi haƙuri, an soke sunansa, ya cinye damarsa. Ya bi ofis ofis, ya kai wanda zai roƙa masa, ya ce a ba shi takardar yanzu a tsaye ya amsa. Aka ba shi haƙuri da shayi.

Abin da ya fi ciwo, a shekarar muka ɗauki kofin. Ba shi da kati, ba shi da damar taka fili, sai ya tsaya a bakin layi yana ihu har muryarsa ta dushe. Daga nan sunan Koci ya bi shi, Masarawa kuma suna ce masa ya kabtin. Wanda ya ci mana wasan ƙarshen da muka buga da 'yan Somaliya kuwa golanmu ne, wani dogon saurayi daga wajen Sakkwato, mai kunya, wanda da ya zo ko kama lemo ba ya iyawa in ka jefa masa. Koci ne ya ɗauke shi duk bayan asuba ya kai shi fili, ya yi ta dirka masa ƙwallo har ya daina rufe ido. A bugun fenareti ya tare ta ƙarshe da ɗan yatsansa, yatsan ya karye, bai ma sani ba sai da muka sauke shi daga kafaɗunmu. Koci ya kai shi asibiti, ya yi ta ba shi abinci a baki har aka kwance ɗaurin. Ba wanda ke kiransa da sunansa, Gola kawai muke ce masa.

Sai aka fara watsewa, kamar yadda ake yi. Gola ya gama da sakamako mai kyau ya tafi. Ni na gama da kyar na shiga kasuwa. Koci ya zauna. Da wane ido zai kalli mahaifinsa, an aike shi ɗauko shahada ya koma da kofin da ba ma a hannunsa yake ba? Ya riƙa yin rajista a ƙananan makarantu don izinin zamansa ya ci gaba, ya riƙa raka marasa lafiyar da ke zuwa daga gida asibitoci yana yi musu tafinta. Daga unguwar Darrasa haya ta kore shi zuwa unguwar Faisal, wani ɗaki can saman bene. Mahaifin ya rasu yana jiransa, ƙaninsa ya karɓi limancin. Duk da haka ranar atisaye ba ta wuce shi. Ya hau mikrobas, 'yar ƙaramar bas ta haya, ya ratsa garin nan kaf da buhun ƙwallaye a cinya, ya je ya tarar da sababbin ɗalibai ya fara daga farko: ga yadda ake tsayar da ita, ga yadda ake ɗaga kai.

Waɗanda suka bi ta hannunsa suna da yawa, kuma yau manyan mutane ne. Akwai alƙalai, akwai masu wa'azi a talabijin, akwai shugabannin makarantu. Na zauna da da yawansu a gida. Za su ba ka labarin sanyin Alkahira, da layin burodi, da shehunan da suka zauna a gabansu, amma ba za ka taɓa ji ɗaya ya ce ya buga lamba bakwai ba. In na tayar da zancen sai a yi murmushi a gyara rawani a ce, Alhaji ba ka rabo da tsokana.

A 'yan shekarun nan na koma shiga Alkahira sarin abaya da littattafai, kuma duk zuwa sai na hau benen nan na Faisal. Na same shi ya tsufa fiye da shekarunsa. Gwiwa ta ƙi, ga ciwon suga. Ya ce in zo in ga yaransa na ƙwallo. Muka je, sai na tarar ashe yanzu ba gasar ake ji da ita ba. Ɗalibai suna haɗa kansu ta waya su kama ɗan filin roba na awa guda, biyar da biyar, su buga su watse. Ba mai neman koci. Suna girmama shi dai, Baba suke ce masa, kuma shi suke ba wa wayoyinsu ya riƙe musu. Yana zaune a kan kujerar roba, cinyarsa cike da wayoyi, yana ihu a buɗe gefe, a buɗe gefe, ba wanda ya ko juyo.

A hanyar komawa ne ya ce mini shi fa gida yake so. Ya ce ba ya so a binne shi a nan, a rasa mai zuwa kabarinsa. Amma ba zai koma ya zauna a zauren ƙaninsa ana nuna shi da baki ba, sai da abin yi a hannu. Kuma ya samo abin yin. Gola, wanda yanzu Shehi ne babba mai makarantar kwana, zai zo Alkahira a watan, ɗalibai sun shirya masa taro. Koci ya ciro waya ya nuna mini wani bidiyon wa'azin Shehin da aka ɗauka a harabar makarantar. Bai damu da wa'azin ba. Ya tsayar da hoton ya sa yatsa a bayan kafaɗar Shehi, inda wani fili yake shimfiɗe, fetal, ba komai sai ciyawa.

“Ka gani? Nan raga ɗaya, can ɗaya. Rana ba za ta shiga idon gola ba in da yamma ne. Yara suna nan birjik ba mai koya musu komai. Ni ko albashi ban dame shi ba, ɗaki da tuwo.”

Na ce masa, Koci, mutanen nan fa sun canza. Ya ce wannan ba zai canza masa ba, wannan da hannunsa ya ba shi abinci. Ya ce in raka shi, tunda Allah ya hore mini baki ko da bai hore mini ƙafa ba.

An yi taron bayan la'asar a wani zaure da ɗalibai suka kama a Darrasa. Koci ya sha babbar riga, ban taɓa ganinsa da ita ba, tana ta warin ajiya. Muka zauna a sahu na biyu, sai masu tsara zama suka zo da ladabi suka ce nan na daktoci ne, Baba a ɗan matsa baya. Muka matsa. Shehi ya shigo, ya yi jiki, gemu ya yi fari fari, mutane na ta rububin hannunsa. Tsayin nan dai yana nan.

Akwai al'adar da muke da ita, in malami ya dawo garin da ya yi karatu, kafin ya ce komai sai ya ambaci waɗanda suka koyar da shi, ɗaya bayan ɗaya, ya yi musu addu'a, jama'a na cewa amin. Shehi ya fara. Ya ambaci na tafsiri, ya ambaci na hadisi, ya ambaci wani makaho da ya gyara masa karatun Alƙur'ani a gindin ginshiƙin masallaci. Ya gangaro har kan wani mai shagon littattafai da yake barinsa ya karanta a tsaye ba tare da ya saya ba, har da matar da ke sayar musu da ta'amiyya, ƙosan Masarawa, tana ƙara musu. Duk wanda aka ambata Koci sai ya ce amin da ƙarfi, yana gyara zama, yana ɗan matsowa bakin kujera. Da Shehi ya ce da sauran waɗanda ba mu ambata ba, Allah ya saka wa kowa, sai na ji amin ɗin Koci ta fito a hankali. Na ce a raina to, a tsaya nan ma an gode.

Ba a tsaya ba. Wajen tambayoyi wani ɗalibi ya miƙe ya ce, Allah gafarta Malam, mene ne shawara ga ɗalibin da ƙwallo ke cin lokacinsa? Shehi ya gyara zama. Ya ce shi dai a zamansa na garin nan hanya uku ya sani, ta masauki, ta masallaci, ta aji. Ya ce motsa jiki ba laifi ba ne, amma a yi hattara, don shi da idonsa ya ga wanda iyayensa suka turo neman ilmi, mai ƙwaƙwalwa, ƙwallo ta ɗauke masa hankali har ya tashi ba shahada ba komawa gida. Ya ce wannan ya ishi mai hankali wa'azi.

Bai faɗi suna ba, kuma bai kalli inda muke ba. Amma zauren nan kaf ba wanda bai san da wa ake ba. Ka san yadda mutane ke yi in suna ƙoƙarin kada su waiwaya, wuyansu ya sandare? Haka sahun gabanmu ya yi. Na saci kallon Koci. Yana kallon ƙasa, yana murza bakin hannun rigarsa, yana gyaɗa kai kamar wanda ake ba labarin wani.

Na ce masa mu tafi. Ya ce a'a, ai bai yi ƙarya ba, kuma ba mu yi abin da ya kawo mu ba.

Bayan magariba aka shigar da mu wani ɗan ɗaki inda Shehi ke hutawa. Da ya ga Koci sai ya sallami kowa, ya tura ƙofa, ya rungume shi har rawaninsa ya goce. Koci, Koci, yake ta faɗa, idonsa ya kawo ruwa. Ya ɗaga ɗan yatsan nan da ya karkace ya ce har yau in sanyi ya shigo sai ya tuna masa da 'yan Somaliya. Ya tambaye ni ko har yanzu benci nake ɗumamawa. Muka yi dariya mu uku kamar ba abin da ya faru. Wallahi na so mutumin a lokacin, kuma abin da ya fi ba ni haushi ke nan.

Ban ma buɗe bakin da aka kawo ni dominsa ba, Koci ya faɗi buƙatarsa da kansa, tiryan tiryan, har da inda raga za ta zauna. Shehi ya saurara yana shafa gemu. Ya ce filin nan an riga an yi masa zanen azuzuwa. Ya ce kuma iyayen yara ba ƙwallo suka kawo su koya ba, in aka ji ya ɗauko mai koyar da ita daga Masar, gobe abokan hamayyarsa sun samu abin hawa mumbari da shi. Amma zai ɗauke shi, ya riƙa koya wa yara Larabcin magana, ya kula da ɗakin kwanansu. Ga ɗaki, ga abinci, ga ɗan abin sabulu. Za a riƙa ce masa Ustazu. Sharaɗi ɗaya ne.

“Yaya, abin da ya wuce a bar shi a nan Alkahira. Can ba wanda ya san na taɓa tsayawa a raga. Ko iyalina ba su sani ba.”

Koci ya kalli yatsan, ya kalli Shehi. “To wannan me kake ce musu?”

“Ƙofar mota.”

Na ɗauka zai tashi. Mutumin da na sani yana jifan alƙalin wasa da takalmi, na ɗauka yau za a ji mu har titi. Sai ya sunkuyar da kai ya ce ya yarda. Ya ce ba ƙwallo, ba Gola, Allah gafarta Malam zai riƙa cewa kamar kowa. Har ya gwada faɗa a wurin, Allah gafarta Malam, ta fito masa a karkace. Shehi ya ce khalas, an gama, da ya koma zai sa a shirya ɗakin a aiko masa da tikiti bayan Babbar Salla.

A mikrobas ina ta zage zage, shi kuma yana ba ni haƙuri. Ya ce in bar ganin laifin yaron, rawani nauyi gare shi. Ya ce yara kuma ai ko'ina yara ne, in ya je ya zauna a hankali, wata rana da yamma za su samo ƙwallon tsumma da kansu, shi kuma yana wucewa kawai zai ce a buɗe gefe.

Na koma gida, shi ya shiga shiri. A cikin ɗalibai, wanda zai tafi tafiyar da ba dawowa ba ya sayar da kayan ɗakinsa, rabarwa yake yi ga na baya. Koci ya shekara da shekaru yana karɓar na masu tafiya, fankar wannan, bargon wancan, tukunyar wani, har ɗakinsa ya zama kamar shagon gwanjo. Yanzu layi ya zo kansa. Aka ce mini ya yi abin kamar biki. Ya kira yaran nan masu ba shi riƙon waya, ya raba musu komai, katifa, firiji, tukunyar gas, har buhun ƙwallayen. Suka yi masa walima a unguwar Hadayek el-Maadi a gidan wasu Hausawan Sudan da ya saba da su, aka yi addu'a, aka yafi juna. Ya gaya wa mai gidan haya ya nemi wani. Ya kira ƙaninsa ya ce a gaya wa dangi yana tafe, ya samu koyarwa.

Salla ta zo ta wuce. In ya kira wayar Shehi sai wani sakatare ya ɗauka ya ce Malam yana karatu, Malam yana ganawa, Malam ya yi tafiya. Da abin ya yi tsawo sai ya roƙe ni in je da ƙafata. Na tashi takanas daga Kano na je. Na ga filin, an zuba bulo a gefe ɗaya, sauran yana nan yadda yake. Shehi ya karɓe ni da kyau, ya sa aka kawo mini fura mai sanyi. Da na kawo maganar sai ya daɗe yana juya ludayi. Ya ce ya yi ta tunani, ya yi istihara. Ya ce, Alhaji, kai ma ka san shi. Zai yi shiru wata ɗaya, wata biyu. Ranar da ya ga yaro ya tare ƙwallo da kyau, ko ya ga an zura wa wani ta tsakanin ƙafa, zai manta, zai ce ai Malam ma da haka ya fara. A gaban yara. Ya ce ba zai iya ba. Ya ce zai aika masa da wani abu ya rage zafi, in ba shi haƙuri.

Na ce ya kira shi ya gaya masa da bakinsa mana. Ya ce kunyarsa yake ji.

Ban iya faɗa masa ta waya ba, sai da na sake shiga Alkahira. Na hau benen na same shi a ɗakin, mai gidan ya bar shi ya ci gaba da zama don bai samu wani ba. Ba komai a ciki sai tabarma da akwati ɗaya a ɗaure a jikin bango, da butar shayi ta lantarki da wani maƙwabci ya ara masa. Kayan da aka rabar ba a cewa a dawo da su, kuma cikin yaran ba wanda ya yi tunanin ya dawo da ko fanka. Zafi kamar gidan burodi.

Na zauna a tabarmar na gaya masa duk yadda muka yi, ban rage ba ban ƙara ba. Ya saurara har na gama. Ya tambaye ni filin, da gaske an fara gini? Na ce bulo ne dai a gefe. Ya tambaya ko ƙasar jan ƙasa ce ko yashi. Na ce ban lura ba. Ya ce ai dama ba za ka lura ba.

Can ya ce, “Ya san ni. Da na faɗa ɗin.”

Na ce to ya zo mu tafi Kano, ga shagona, ya zauna ya riƙa duba mini yara. Ya yi 'yar dariya ya ce shi da ya gaya wa garinsu kaf cewa Ustazu zai dawo, sai a gan shi yana ninke abaya a Kwari? Ya ce in bari kawai. Ya jawo akwatin ya fara kwance igiyar, ƙullin ya ƙi, ya sa haƙori. Da ya buɗe ya ciro kofuna biyu na shayi da ya naɗe a cikin babbar rigar, ya miƙo mini ɗaya ya ce in ɗauraye a famfon waje, sukari ne dai babu, likita ya hana.